Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina awon auduga a Garwa,
ban taɓa danne sikeli da yatsa ba.
Duk wata albashi na zuwa da giɓi,
a ce wanda aka yanka na tsufana ne.
Na ce to.

Yau ga ni kan benci a ofishin fansho,
lamba arba'in da bakwai a tafin hannuna.
Hamajoda, tsohon direban tirela,
yana ƙirga kawunanmu da carbi:
"Tanimu, masu ɗiba sun fi masu zubawa.
Randa ce fa, ba Binuwai ba."

Yarinyar bayan gilashi ta ce an sake lissafi,
takarda ta zo daga Yawunde.
Ban ji haushinta ba.
Abin da na zuba tun gemuna na baƙi
tuni ya zama tuwon wasu tsofaffi,
sun ci, sun sa albarka, sun riga mu.
Nawa yana aljihun yaran yau.

To ina yaran?
Sallau ɗana yana kan babur tun asuba,
daga kasuwa zuwa gada, daga gada zuwa tasha,
ba takardar albashi, ba mai yankar masa ko dala.
In na ce je ka a rubuta sunanka, sai dariya:
"Baba, in zuba a randar da kake kankarar ƙasanta?"

Dudu matata ba ta san ƙofar ofis ba.
Adashen Laraba ya haifar mata tunkiya,
tunkiya ta zama shanu a hannun makiyayi a Pitowa.
Bara ciwo ya shiga garke,
biyu suka kwanta, uku suka tashi.
Ita ma randarta na yoyo.
Amma watannin da fansho ya yi ɓatan dabo,
maraƙinta ne ya sayi maganin hawan jinina.

An kira lambata dab da la'asar.
Na ƙirga sau biyu, halin mai awo.
A hanya na sayi asusun yumɓu,
na ajiye inda Sallau ke jefa makullin babur.
Ban ce masa uffan ba.

Can cikin dare, ina kwance,
na ji dala ashirin ta faɗa ciki.
Guda ɗaya.
Na kasa kunne ina jiran ta biyu
har barci ya sace ni.