Daga Kai Sai Halinka

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas
tsakanin Kuusamo da ƙauyukan bakin iyaka,
ban taɓa zubar wa fasinja kofi a cinya ba.
Tuulikki takan ce ko ƙwai aka ɗora mini a kan bonet
zai isa gida bai san an yi tafiya ba.
Yabo ne ko gori?
Ta rasu ban tambaye ta ba.

Yau 'yarmu ta kawo ni tsakiyar tafki.
Fabrairu ne, ruwa ya daskare ya yi kauri kamu biyu,
an share dusar ƙanƙara, an kafa jajayen sanduna a da'ira.
Motar ta aro ce, ta Veikko abokin aikinta,
mai dogon hanci da saurin fushi,
duk ƙarfinta a ƙafafun baya, kamar zomo.

"Baba," in ji Raakel, "akwai wata 'yar na'ura a ciki
da ke gyara maka kuskure tun ba ka san ka yi ba.
Taya na zamewa, sai ta rage wuta,
ta taɓa birki a ɓoye, ta rufa maka asiri."
Na ce, ai mutuniyar kirki ce, a ƙyale ta.
Ta ɗora yatsa kan maɓalli, ta danne, ta ƙi sakewa.
Wata fitila rawaya ta buɗe ido a bayan sitiyari.
"To," ta ce, "yanzu daga kai sai halinka."

Na taka totur kamar mai tsoron tada jariri.
Ta ce ƙara. Na ƙara.
Sai gindin motar ya tuna shi ma yana da ra'ayi,
ya leƙo ta dama, yana neman wuce hanci.
Na yi abin da shekaru suka koya mini:
na janye ƙafa, na danne birki.
Bishiyoyi, rana, sanduna, bishiyoyi, rana,
muka tsaya cak muna kallon sawunmu.
Injin ya mutu.
Ita kuwa dariya har da hawaye.

"Kana kallon abin da kake tsoro ne.
Kalli inda kake son zuwa, hannu zai bi ido.
Inda gindi ya nufa, can za ka kai sitiyari,
kuma ƙafar nan, don Allah, kada ta gudu."

Karo na biyu, mun juya.
Na uku ma haka.
A na bakwai muka nutse cikin tudun dusa,
muka yi rabin awa da shebur, gumi na daskarewa a girata.

A na tara ban san me na yi ba.
Gindi ya fita, na bi shi, ban yi masa gardama ba.
Motar ta kwanta a karkace, ta ci gaba da tafiya,
hanya na shigowa ta tagar gefe,
tayoyin baya na feshin farin gari sama,
ƙafata na magana da su a hankali, suna amsawa.
Ba a hannuna take ba, ba ta kuma ƙwace ba.
Wani wuri ne a tsakani
da ban san akwai shi ba.

Daƙiƙa shida, in ji Raakel. Ta ƙirga.
Ta ce na yi ihu.
Ni dai na ji wata murya
da rabona da ita tun kafin asibiti.

Da rana ta sauka bayan bishiyoyi, ƙarfe huɗu bai cika ba,
na danna maɓallin da kaina, fitilar ta rufe ido.
Sai a lokacin na ji ɗumi a cinyata:
murfin fulas ya kwance, kofi ya jiƙa wandona har gwiwa.
Raakel ta miƙo tsumma.
Na ce bar shi.