Albasar Babanmu

A Aliero, zauren Nomau mai gyaran rediyo,
nan akwatin farko ya sauka unguwarmu.
Batirin mota, eriya bisa gora,
Jabbi na kan soro yana juyawa, muna ƙasa muna ihu:
"Ya zo! Ya tafi! Riƙe nan!"

Sai La'asar tasha ke buɗewa.
Kafin nan yashi ne da ƙugi,
shi ma mukan zauna mu kalla.

Wata Laraba, shirin manoma,
sai ga babanmu tsakiyar fadama,
ya ɗaga albasa kamar an ba shi kofi,
yana gyara hula, yana tsoron na'ura.
Inna ta ja mayafi, tana leƙe da ido ɗaya.
Sunan da ba ta taɓa faɗi ba,
ga mai gabatarwa ya shelanta wa jiha guda.

Bara na je Birnin Kebbi neman wannan fuska.
Wani tsohon ma'aikaci ya buɗe mini sito:
kasa-kasai har rufi, gara ta cinye sunayen.
"Yana ciki," in ji shi, "sai dai injin da ke karanta su
ya riga babanka tafiya."

A hanyar gida na sayi albasa.
Ban yi ciniki ba.