Awo a Bakin Binuwai

Ta zo da takarda da biro, Malama Didja,
daga ofishin magajin garin Garwa,
ta tarar ina toshe ɓular jirgi da kwalta.
"Baƙi nawa ka ɗauka bana?"
Arba'in da ɗaya, har da wanda ya yi amai.

"Nawa kake samu?"
Jaka biyu, in dorina ta leƙo.
In ta ƙi, sai godiya da hoto.
Wannan ma da gurbinsa a takardar.

Na ce, Malama, ara mini biron.
Ina gurbin jarkokin Ladi?
Otal ya cika kwaminsa, mutum biyu ke iyo,
famfonmu na Yelwa kwana shida yana tari.
Ina gurbin robobin ruwa
da komar Hamajoda ke kamowa maimakon karfasa?
Ɗana ya iya "bonju" da miƙa hannu,
filafili kuwa ya fi ƙarfinsa.

Ban ce kada su zo ba.
Kuɗinsu ne ya yi wa ɗakina kwano.
Amma kakana da gora yake awon kogin nan:
gaba uku a gindin gada, ko da bazara.
Jiya na shiga da ƙafa, ya tsaya mini a ƙugu.

Ta duba takardar sama da ƙasa.
Babu gurbi. Ta juya ta,
a farin bayan ta rubuta: ƙugu.

Can tsakiya dorina ta yi hamma,
baki wangale, kyauta,
ba baƙo ko ɗaya.