Feshi

Malama Rifkatu ta ba mu aiki ranar Laraba:
kowa ya ɗauki kalmar Turanci guda,
ya bi sawunta har ƙofar gidan ubanta.
Tawa ta faɗo a kan sifire.
Na ce wannan ai ta turaren gwangwani ce,
me za a tono a ƙanshin hammata?

Ƙamus ya ce ba haifaffiyar Ingila ba ce,
daga bakin mutanen Holan aka aro ta,
masu kwana da teku a bayan ɗaki.
Nufinta ruwa ya rabu da 'yan'uwansa,
ya tashi mitsi-mitsi, iska ta goya shi.
Na kwafe, na rufe littafi.
Ko gezau ban ji a jikina ba.

Sai da yamma na sauka Kakuri,
shagon Kawu Barmo, bayan tsohuwar masaƙa,
inda ya yi shekara sha tara yana rina atamfa
kafin injuna su yi shiru.
Yanzu dutsen guga ne da gawayi,
da shaddar mutane jibge har rufi.
Ya kurɓi ruwa a kofin silba,
kumatu suka cika tam,
ya sunkuya kan babbar riga: fuuu!
Rana ta ratso ta tagar kwano,
bakan gizo ɗan ƙarami ya tsaya a gaban gemunsa,
ya ɓace.

Na karanta masa abin da na kwafo.
Ya ce, kalma ɗaya tak?
Wanda na yi yanzu feshi ne.
Na tsakar gida kafin shara, yayyafi.
In Keke ya taka kwatami a Kasuwar Barci
ya ɓata miki farin hijabi, wannan fantsama.
Wanda uwarki ke yi wa kaji da ruwan wanke-wanke, watsawa.
Na kan goshinki daren da zazzaɓi ya kama ki,
tofi ne,
kuma ni na yi shi.

Na ce, Kawu, ita ma tana yawo.
Masu fentin mota a Panteka da ita suke cin abinci.
Manomi ya goya tanki, ita ce a bakinsa.
Har liƙin biki, da Turancin garin nan,
sunanta ake kira.
Ya yi dariya, ya hura gawayi.
Ya ce, wannan kam sun yi gaskiya,
kuɗi da ruwan guga uwarsu ɗaya,
kafin ka juya hannun riga sun bushe.

Ya sake kurɓa.
Ban janye littafina da wuri ba.
Ɗigo uku suka sauka kan Holan,
tawada ta yi ƙafafu, ta bazu.

Ranar Litinin aka dawo mana da aiki.
Shida bisa goma.
A ƙasa, da jan biro, Malama ta rubuta:
ki riƙa kula, littafinki ya jiƙe.