Zagayen Ruwa, Karo Na Huɗu

Litinin ce kuma a Valparaíso.
Na hau matakala ɗari da sittin da biyu,
littafi a ƙirji, numfashi da ƙyar,
don kawai in iske Malam Ilabaca
yana zana gajimare a kan allo.

Gajimaren nan na san shi,
tun muna aji ɗaya muke gaisawa:
kumatu uku, kibiya a ƙarƙashi.
Rana ta dafa teku, tururi ya tashi,
ya taru, ya yi nauyi, ya zubo,
ya gangara, ya koma inda ya fito.
"Wa bai gane ba?"
Shiru.
"Wa ya gane?"
Hannuna kaɗai a sama,
kamar sandar tuta a makarantar da aka tashi.
"To, mu sake daga farko."

Fresia tana shafa jan farce a ƙarƙashin tebur,
warinsa ya fi darasin ratsa aji.
Tagwayen gidan Quilodrán sun cusa waya a kunne
suna gyaɗa kai,
Malam ya ɗauka da shi suke.
Gaspar ya kifa goshi a kan jaka,
ya yi nisa, ba ya jin kira.

Na ce, Malam, me ya sa tekunmu ke da sanyi haka,
ga kuma hamada tsirara a arewa da mu?
Ya juyo da alli a yatsa.
Na ga wani abu ya haska a idonsa
kamar ashana cikin iska,
sai ya dubi agogo, ya dubi bayan aji.
"Wannan ba ya cikin jarrabawa, Rayén."
Wani ya yi kukan akuya, aka kwashe da dariya.
Na haɗiye sauran tambayar har da ƙayarta.

Aikin rukuni, mu biyar.
Ni na rubuta, ni na zana,
ni na sayi kwali da kuɗin motata na taka gida a ƙafa.
Sunaye biyar a sama, maki ɗaya.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mahaifiyata tana gyaran kifi a bakin gaɓa tun asuba,
gishiri ya tsattsage mata hannu.
Takan ce karatu jirgi ne,
ki shiga kar ya tashi ba ke.
Na shiga, Mama.
Shekara uku ke nan injin yana ruri,
igiyar ce ba wanda ya kwance.

Ranar Asabar na ga Gaspar a kasuwa,
gari bai waye ba, buhun dankali a kafaɗa,
wani buhun yana jiransa, da wani bayan wannan.
Bai gan ni ba.
Na so in ci gaba da jin haushinsa yadda na saba,
abin ya ƙi.
Haushin kuma bai tafi duka ba,
ya dai rasa wanda zai kama.

Yau ta taga wani jirgi ja yana barin tasha.
A cinyata littafin aro ne kan igiyoyin ruwan teku,
ina shafi na casa'in, kwana biyu ya rage in mayar.
Malam ya goge gajimare.
Ya sake zana gajimare.
"Rayén, zo ki nuna musu."

Na karɓi alli.
Rana, tururi, ruwan sama, gangara.
Da na zo kan kibiyar ƙarshe,
wadda ke mayar da komai inda ya fito,
sai na ja ta ta wuce teku,
ta wuce katakon allo,
ta hau bango tana ƙara,
ta nufi taga.

Ba wanda ya yi dariya.
Malam bai ce in goge ba.
Can baya, Gaspar ya ɗago kai.