Ɗakin Riɗi

Ɗakin da muke ajiye riɗi na share,
can ƙarshen unguwarmu a Gadarif,
inda kwalta ta gaji ta bar wa baƙar ƙasa hanya.
Buhu bakwai na jera jikin bango,
don Mudassir ya ce buhu na shanye amo.
Bargo biyu na kafa da ƙusa a taga.
Na tafa hannu, ɗakin bai amsa ba.
Na ce to, mun shirya.

Kwamfutar ta ga jiya ta ga yau,
harafin k ya ɓalle tun bara,
batirinta kuwa alkawarin mai cin bashi.
Makirfon daga Bur Sudan ya zo
cikin kwalin dabino, yana ƙanshin dabino.
Na sa masa safa a baki
kada iskar magana ta mare shi,
na auna taƙi guda tsakaninsa da kujera.

Hajja Yalwa ta shigo da sandarta,
ta dube shi sama da ƙasa.
“Wannan ne mai sauraron? Ba ya gaisuwa?”
Na kashe fanka, zufa ta yi mana sallama.
Na ce, “Sai na ɗaga yatsa, Hajja.”
Ta ce, “Shekara tamanin ina magana,
ban taɓa jiran yatsan kowa ba.”

Ta fara tun jan ɗigon bai kama ba.
Yadda uwarta ta baro Katagum da ƙafa,
goyo a baya, niyyar Makka a gaba,
yadda aka tsaya tsinkar auduga a Jazira
aka ce baɗi za a wuce,
baɗin da har yau bai iso ba.
Ta ambaci maburgi, ta ambaci ragaya,
kalmomin da Larabcin makaranta
ya ture daga bakina ban sani ba.

Raksha ta wuce da hayaniyarta.
Zakaran maƙwabta ya sa baki sau uku.
Hadari ya zo ya yi luguden kwano,
aka ɗauke wuta,
muka ƙarasa da abin da ya rage a batir,
ita da carbinta, ƙas, ƙas, a ƙarƙashin zance.

Da dare na zauna da abin ji a kunne.
Muryarta ta kwanta a allo
kamar kunyoyin gona bayan huɗa.
Na cire tari. Na cire zakara.
Na bi carbin ɗaya ɗaya na tsince,
na goge numfashin da take ja kafin ta ce Katagum.
Asuba ta same ni da murya tas,
kamar wadda aka yi a ɗakin da ba kowa.

Da hantsi, tana kan gadon igiya, jabana na huci,
na kunna mata.
Ta saurara kaɗan ta ce, “Ina zakaran?
Wa zai yarda a gida nake?”

Na koma na buɗe na farko, mai datti.
Ruwa ya sake zuba, carbi ya dawo.
Sai na ga kofin ya tsaya a hanyar bakinta.
“Mayar baya.”
Na mayar.
“Ba ni ba ce wannan.
Inna ce. Haka take jan *to* ɗinta,
haka take haɗiye kuka ta ce tari ne.”

Ba ta sha jabanar ba har ta huce.

Na goge aikin daren jiya gaba ɗaya.
Wurin sa suna na so in rubuta kaka,
allon ya ba ni aa.
Na bar shi haka.
Gobe ma za mu zauna, in akwai wuta.
Ta ce in cire bargon nan daga taga,
wai baƙon yana jin zafi.