Tafinta a Asibitin Madani

Kakana Haladu ya shekara sittin a Mai Wurno.
Ya iya Larabcin cinikin riɗi, ya iya na rantsuwa,
amma ranar da ciwo ya kayar da shi
duk ya zube masa a kan hanya.
Hausa kaɗai ta biyo shi har gadon asibiti.

Ni aka tsayar tsakaninsa da likita Awadiya.

Ta ce in tambaye shi me yake ji.
Ya ce, "Tun da na ga allurar nan cikina ya ɗuri ruwa."
Na miƙa mata zancen yadda ya zo,
ta ajiye alƙalami, ta shiga latsa masa ciki
tana neman ruwan.
Na ce tsoro yake nufi.
Ta ce, "Ku tsoronku a ciki yake kwana?"
Na ce har da murna: in ta zo cikin ya yi fari,
in ta tafi ya yi baƙi.

Ta yi dariya, ta ce tsohon nan dammu hafif,
wato jininsa ba nauyi.
Da na faɗa masa sai ya yunƙura:
"Jinin nawa ya tsinke ke nan? A ƙara mini!"
Na ce yabo ne, Kaka.
Su awon jini suke yi, mai nauyi ne abin gudu,
mu launinsa muke dubawa.
Ya ce, "To gaya mata ita ma tana da farin jini."
Na gaya mata. Ta dube ni da idon likita.

Da la'asar na tura shi a keke bakin Nilu.
Mutanen gari sun fito shinshinar iska,
mu muka fito shan ta,
iskar kuwa ɗaya ce, mai ƙamshin kifi da gahawa.
A kan ɓarawo kaɗai muka yi baki ɗaya:
can da nan hannunsa dogo ne.

Kalma guda ta fi ƙarfina.
Kowace safiya ta ce yaya jiki,
shi kuma ya ce, "Da sauƙi."
Ƙafa ta kumbura, da sauƙi.
Kunu ya ƙi wucewa, da sauƙi.
In na juya shi daidai, sallamarsa za a yi.
In na faɗi abin da na gani, na tona tsoho.
Sai in ce mata, ya gode wa Allah,
in bar idona ya ƙarasa.

Ya cika daren Laraba.
Maƙwabtan gado suka ce al-baraka fikum,
albarkar tana gare ku.
Matan gida suka ce, ya haƙuri?
Waɗancan kyauta suka ba ni, waɗannan tambaya,
na rasa wacce zan riƙe.

Na koma karɓar takarda,
Awadiya ta tare ni a baranda,
ta lanƙwasa harshe da ƙyar: "Yaya jiki?"
Na ce, da sauƙi.

Ba ta nemi tafinta ba.
Ta jawo mini kujera.